Faifan Kawu Mamman Ya Lanƙwashe

Zuwa ga Yayana Laminu, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajo da yara. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mu nan Agiye lafiya, sai haƙurin rashin Inna Rabi.

Halin da mijinta Kawu Mamman yake ciki ne ya sa na rubuto. Ka tuna faifan garmahon da ya dawo da shi daga soja, wanda aka tara fitattun waƙoƙin baturen nan mai sanyin murya? Inna ta sha yi masa faɗa a kansa, amma ita ce mai rera su in tana daka, ba ta san ma'anarsu ba. Bayan sadakar arba'in ya fito da shi yana gogewa, sai 'yan gaisuwa suka zo, ya manta shi a rana. Faifan ya lanƙwashe. Da ya ɗora shi, muryar ta riƙa ja kamar mai kuka. Ya kashe, ya dube ni ya ce, "Isuhu, rera mini yadda Rabi take yi." Wallahi Yaya, na buɗe baki, na kasa tunawa. Tun ranar ba ya cin abin kirki.

Don Allah ka duba mana kantunan can, ko za a samu irin faifan. Sunan mawaƙin ya goge a jikin namu, turawan da za mu tambaya kuma sun koma gida tun da aka samu mulkin kai.

Ka sa Kawu a addu'a. A gaida Hajo da dukan mutanenmu na can.

Ƙanenka, Isuhu.