Ƙuri'ar Gidajen Tudu

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mun tare a sabuwar unguwar da ofishinku ya zana wa waɗanda ambaliya ta kora. Kan tudu, tituna fetal, magudanai sai ka ce a shiga a kwanta. Sannunku da aiki. Amma wane mai basirar ne ya ce a raba gidaje da ƙuri'a? Inna ta faɗa layi na biyu, ni na tara, maƙwabciyarta Mai Ɗinki can na sha bakwai. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ranar ruwan nan ita ta fasa taga ta jawo Inna, don ta san ɗakin da take. Ka sa a musanya musu gida, su koma kusa da juna.

Ka gaida yara.
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki cikin girmamawa. Ƙuri'ar nan ni na kawo shawararta, don kada masu hanya su kwashe gidaje masu kyau. In na taɓa ta saboda mahaifiyata, gobe mutum ɗari za su tsaya ƙofar ofishina, kuma da gaskiyarsu. Gidan Inna ruwa ba zai kai shi ba, da hannuna na auna. Ga jiniyar gargaɗin ambaliya, ga filin taruwa. A yi haƙuri, sabo zai zo.

Ƙanenki

Auta,

Na gaishe ka, don ba a fasa gaisuwa. Shekaranjiya Inna ta zame a banɗaki bayan karin kumallo. Tana kwance kan siminti har na taso daga aiki da la'asar. Ta yi kira har muryarta ta dushe. Matar gidan kusa ta ji, wai ta ɗauka rediyo ne. Ban ga laifinta ba, ko fuskar Inna ba ta sani ba. Jiniyarka kuwa shiru, ashe ba ta kuka sai ruwa ya zo. Wallahi raina ya ɓaci da kai. Ka auna ƙasa, ka auna ruwa, ba ka tambayi kowa wa ke leƙa wa da safe ba. Na ce ta dawo ɗakina, ta ce ba ta kwana gidan suruki.

Yayarka

Yaya,

Hankalina ya tashi matuƙa. Na shigar da takardar musanya da kaina. Kwamiti zai zauna bayan damina. Ki roƙar mini gafara wurin Inna.

Ƙanenki

Auta,

Gaisuwa. Ka janye takardarka. Jiya Inna da Mai Ɗinki suka ɗaure kaya suka koma tsohon gida bakin kogi, wanda kuka shafa wa jan fenti alamar haɗari. Na roƙa har da kuka. Ta ce in faɗa maka ta yafe, amma gara ruwa ya ci ta a gaban wadda ta san muryarta.

Hadari ya haɗo tun safe. Ka huta lafiya.

Yayarka