Baƙin Bututu

Litinin, 3 ga Maris

Takardar ofishin sharif, shugaban 'yan sandan gundumarmu, ta iso. Gwajin harbi na tsofaffin ma'aikata ranar Asabar, 22 ga wata. Harsashi hamsin, sai arba'in sun shiga allo, in ba haka ba babu sabunta katin riƙe bindiga. Ba kati kuwa, ba tsayuwa da bindiga a ƙofar coci ranar Lahadi. Dokar dattawan coci ce, kuma da bakina na kawo ta. Shekara tara nake tsaron ƙofar nan tun da na ajiye kaki.

Hannun dama ya sake yin rawa da safe. Gahawa ta zube a kan jarida. Na ce wa matata Lorene kofin ne ya yi zafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gwada a bayan rumbu. Ashirin da tara cikin hamsin. Ni! Bindigar aikina ce mai cin harsashi lamba arba'in, shekara talatin muna tare, yau ita ke harbin hannuna kamar alfadari. Bayan harbi na goma rawar ta kai har gwiwar hannu. Na zauna a kan itace ina kallon yatsuna suna motsi ba da izinina ba. Tsoro ya kama ni, a nan dai zan iya faɗa.

Asabar, 8 ga Maris

Shagon bindigogi na Dewey Prater. Tare muka yi firamare, shi ya sa bakinsa ba ya da linzami a kaina. Na ce masa harsashin arba'in ya fara wuyar samu, ina so in canza bututun bindigar, ta koma cin harsashi mai lamba tara, wanda dukansa ya fi sauƙi. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce ai kwalaye ga su nan jibge a bayana, in faɗi gaskiya tsufa ne ya kama wuyan hannu.

Ya baje min ire-iren bututun a kan kantar shagon. Akwai wanda sai maƙerin bindiga ya goge shi ya daidaita, mako uku. Ba ni da mako uku. Akwai mai zare a baki, ban ga abin da zan yi da shi ba. Saura biyu masu shiga kai tsaye: fari mai ƙyalli, da baƙi irin na asali sak. Ya ce sai na haɗa da gidan harsashi na mai tara, kuma in harba ɗari uku kafin in yarda da shi.

“Ɗauki farin, Orval. Kallo ɗaya ka san wanne ke ciki.”

Na ce baƙin nake so. Fari kowa a filin gwaji zai gani, a ce Orval Tackett ya sauko. Mu da muke tsokanar masu tara muna cewa ta mata ce.

Ya ce, “Kai da taurin kai tun muna aji uku.” Ya naɗe min baƙin.

Laraba, 12 ga Maris

Talatin da takwas. Dukan ya ragu ƙwarai. Rawar tana nan.

Lahadi, 16 ga Maris

Na tsaya ƙofa. Hannu a aljihu tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa. Fasto ya miƙo hannu mu gaisa, na ba shi hagu, na ce na ƙone a murhu. Ƙarya a ƙofar coci, Ubangiji ka gani.

A mota Lorene ta ce ƙanin babanta haka ya fara, da babban yatsa. Ba ta ce wa take nufi ba. Na ƙara muryar rediyo.

Talata, 18 ga Maris

Arba'in da ɗaya. Na lura in na ɗaga na harba nan take, kafin hannun ya farga, harsashin yana shiga allo. Dabarar ɓarayi.

Asabar, 22 ga Maris

Na ci. Arba'in da biyu.

Sajan Renata Combs ce ta duba allon, yarinyar da ni na koya mata riƙon bindiga. Ta ƙirga sau biyu, ta sa hannu, ta ce, “Baba Orval, har yanzu da sauranka.” Babu wanda ya kula da bututun. Amma da ta miƙo min biro in sa nawa hannun, ta kau da kai tana duba wayarta, wayar da ko haske ba ta yi ba.

Na dawo, na warware bindigar a teburin kicin, na goge, na haɗa. Ya kamata in yi murna. Lorene ta yi wainar masara da wake, na ci kaɗan.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Ana tsakiyar wa'azi wata mota da ban sani ba ta shigo, ta tsaya nesa, injin a kunne. Mutum ɗaya a ciki, bai fito ba. Ajin yara yana ta wannan gefen, tagoginsa a buɗe, ina jin muryoyinsu. Na sa hannu ƙarƙashin kwat na kama bindigar. Hannun ya ɗauki rawa irin wadda bai taɓa yi ba, har ƙarfen yana ƙwanƙwasa bel. Na ce a raina in mutumin nan ya fito da wani abu, tsakanina da shi akwai tagar yaran. Minti nawa, ban sani ba. Ashe surukarsa ya zo ɗauka, ya iso da wuri.

A gida na zare harsashin zan ajiye, sai ya faɗo a tafina sakwa-sakwa. Na duba rubutun jikin bututun. Arba'in. Jiya tsohon bututun na mayar, hannuna ya ɗauki wanda ya saba da shi, na kuma cika bindigar da mai tara. Duka biyun baƙaƙe, a kan tawul ɗaya. Wato da bindigar da ban san abin da za ta yi ba na tsaya gadin mutum ɗari da ashirin. Ko ta ƙi tashi, ko ta tashi harsashin ya nufi inda ya ga dama.

Shekara talatin ban taɓa haɗa harsashi da bututun da ba nasa ba.

Laraba, 26 ga Maris

Ba wai na bari ba ne. Na dai kira Renata na tambaye ta ko za ta riƙe ƙofar na 'yan makonni, tunda cocinmu ɗaya. Ba ta tambayi dalili ba, ta ce to, Baba.

Na gaya wa Lorene a samo min ranar ganin likitan jijiya. Ta ci gaba da yanka albasa, ta ce ranar 4 ga Afrilu ne, ƙarfe goma. Tun watan Janairu ta karɓo, sau biyu tana ɗagawa.

Ta tambaye ni a wane benci nake so mu zauna ranar Lahadi. Shekara tara tana zama ita kaɗai, ban ma san inda take zama ba.