Kada Ki Sauke Tukunyar da Wuri

Boston, Maris 1847

Innata,

Ina gaishe ku da kyau. Ya ƙafar Baba? Ya autanmu Colm? Ni lafiya lau, ina wankau a gidan masu hali. Tarin da na kwaso a jirgin ruwa ne bai sake ni ba, amma ba ya kwantar da ni.

Na ji tunda dankali ya ruɓe, garin masara gwamnati ke ba ku. Inna, don Allah kada ki dafa shi sama-sama kamar kununmu. Tsakinsa kamar tsakuwa yake, yana yanka hanjin yara. A nan sai an jiƙa shi ya kwana, sannan ya daɗe a wuta. Ko Colm zai shiɗe don kuka, kada ki sauke tukunyar da wuri.

Maƙwabcinmu Fintan ya iso nan daga gida jiya, duk ya rame. Na ce, "Fintan, hayaƙi na tashi a gidanmu kuwa?" Sai ya cire hularsa, ya ce, "Honora, ranar da na taho ban duba wajen ba."

Allah ya tsare ku. Ki roƙi Fada na cocinmu ya rubuto mini, ko layi ɗaya ne, in san kuna raye.

'Yarki,
Honora