Daren da Baba Ya Tambaye Ni 'Yar Wane Gida Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Umma.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da addu'ar Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina rubuto miki ne daga unguwar Sri Petaling a nan Kuala Lumpur, daga falon nan da kika sha gani ta waya amma ba ki taɓa taka shi ba. Na san rubutu ba ya isa inda kike. Sai dai tun da muka dawo daga Finland maganar nan take cina, kuma duk wanda na ɗauko zan gaya wa, sai in ji ba shi ne ya dace ya fara ji ba.

Tun yaushe kika sani, Umma?

Bari in faro miki daga farko, tunda ba kya nan aka yi.

Kin san hoton da ke bangon falonmu na Gwammaja, wanda Baba ya yanko daga tsohuwar kalanda: sama baƙa ƙirin, koren haske ya ratsa ta kamar an shanya mayafi. Duk tsawon shekarun da ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, babu baƙon da zai zauna a falon nan bai ji bayanin hasken arewa ba, yadda yake fitowa can kusa da ƙarshen duniya, da abin da ke haddasa shi. Ke kuma daga kicin sai ki ce, "Malam, a bar baƙo ya sha ruwa tukuna."

Bayan rasuwarki Baba ya yi shiru. Yaya Sani ya ce min yana wuni a kujera ɗaya, ko rediyo ya daina kunnawa. Duk muka ce rashinki ne. Don haka da aka gayyaci mijina Nuhu taron malaman jami'a a Helsinki cikin kaka, sai na ce masa mu haɗa da hutu, mu tafi da Baba da 'yarmu Ummi, mu ga birnin, sannan mu hau arewa ya ga abin nan da idonsa. Nuhu bai yi musu ba. Yaya Sani ya yi wahalar takardu a Abuja, wani abokin aikin Nuhu da ke dawowa ya taho mana da Baba.

Na yi murna, Umma. Na ɗauka magani na samo masa.

Mun kai shi kantunan titin Jalan TAR neman kayan sanyi, a garin da zufa ba ta barin mutum. Ya gwada wata ƙatuwar riga mai hula, Ummi ta yi ta tsalle tana ce masa boleh, boleh, da yaren garin, wato ta yi masa kyau. Da muka zo biya sai ya dubi mai kantin, Ba'indiye, ya tambaye shi da Hausa ko nan ne layin 'yan atamfa na Kwari. Muka yi dariya, shi ma ya taya mu.

A mamak, gidan abincin da ke ƙasan gidanmu, kuma ya ajiye cokali ya ce a yi tapau ɗin ragowar shinkafarsa, wato a ƙunshe ta, kalmar da ya koya a bakin Ummi, wai a kai miki. Nuhu ya kalle ni. Na ce masa sabo ne, mutumin da ya shekara arba'in yana rage wa matarsa tsire ba zai daina a shekara ɗaya ba.

Helsinki ta karɓe mu da sanyi mai shiga ƙashi da bishiyoyi da suka rine, wasu rawaya wasu ja. A kwanakin farko na ga Baban da na sani. Muna tsaye a matattakalar wata farar majami'a da ke kallon teku, ya nuna da sandarsa ya faɗi sunan tekun, ya lissafo ƙasashen da suka kewaye shi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya yi wa Ummi bayanin abin da ke sa ganye ya sauya launi kafin ya zube. Mun shiga jirgin ruwa zuwa wata tsohuwar ganuwa a tsibiri, ya ƙi zama a ciki, ya tsaya waje iska tana kaɗa masa hula. Na ɗauke shi hoto na tura wa Yaya Sani na ce Baba ya warke.

Rana ta uku, Nuhu yana wurin taro, muka je kasuwar bakin ruwa. Na juya ina biyan kuɗin miyar kifi, na waiwayo, babu Baba.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na riƙe hannun Ummi ina gudu tsakanin rumfuna ina kiran Baba, Baba, mutane suna matsawa suna kallona. Na leƙa bakin ruwa, kuma ba zan faɗa miki abin da na zata ba. Wata dattijuwa mai sayar da safar ulu ce ta nuna min hanyar da ta ga wani tsoho mai farar hula ya bi.

A tashar jirgin da ke bin tsakiyar titi na same shi, zaune a benci, ya cire safar hannunsa ya ninke a cinya, yatsunsa sun sandare. Ko alamar tsoro babu a fuskarsa. Ya ambaci sunanki ya ce, "Rabi ce ta ce in jira ta a nan, ta shiga sayen kayan miya."

Na durƙusa a gabansa ina sa masa safar. Da Nuhu ya dawo masauki na ce masa gajiyar tafiya ce da canjin lokaci. Ya ce mu fasa zuwa arewa. Na ƙi. Na ce ba mu keto rabin duniya don mu juya a bakin ƙofa ba.

Muka tafi garin Rovaniemi, can arewa. Bayan isha jagoranmu ya kwashe mu a mota zuwa bakin wani tafki, nesa da fitilun gari. Ƙanƙara ba ta fara zuba ba, ruwan bai daskare ba. Mun daɗe a tsaye ba a ga komai ba sai taurari, har Ummi ta fara ƙorafin ƙafarta. Can sai wani farin abu ya miƙe a sama kamar hayaƙi, ya koma kore, ya buɗe, ya fara motsi daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasansa da ɗan ja-ja. Tafkin ya ɗauke shi gaba ɗaya, sama haske ƙasa haske. Ni dai tasbihi nake, hawaye yana zuba.

Na matsa kusa da Baba na kama hannunsa. Ya janye a hankali, irin janyewar dattijo da ba ya gaisawa da matan mutane. Ya ce min, baiwar Allah, kin san abin da kike kallo? Sannan ya yi min bayanin nan kaf, wanda na haddace tun ina ƙarama, bai yi kuskuren kalma ɗaya ba. Da ya gama ya dube ni sosai cikin hasken ya ce, "Ke 'yar wane gida ce? Ina da yarinya, Auta, tana firamare. Da tana nan da ta yi murna."

Umma, ni ce Auta. Ina tsaye a gabansa da 'yata a gefena.

Nuhu ya ji, ya ja Ummi gefe. Na so in ce Baba ni ce. Abin da na iya kawai shi ne na ce masa Allah ya raya ta. Ya ce amin, ya gode min, ya mayar da kansa sama. Hasken ya ci gaba da abinsa, mutane suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa ban ƙara ɗaga kai ba har muka shiga mota.

Da safe ya gane ni. Ya kira ni Auta, ya ce shayin ya yi sanyi. Sai ya tambaye ni ko yau ne za a kai shi ya ga hasken. Na ce eh. Daren nan hadari ya rufe sama, haka wanda ya biyo shi, har muka baro garin.

Da muka dawo Kuala Lumpur muka kai shi asibiti. Aka yi masa tambayoyi, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitar ta ce ciwon mantuwa ne, kuma ba na bana ba ne, ba na bara ba. Ta tambaye ni wa yake kula da shi a gida duk shekarun nan, don a ganinta wani ya daɗe yana tare masa abubuwa da yawa.

A cikin jirgin ƙasa na LRT, a hanyar komawa gida, abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya har na wuce tasharmu ban sani ba.

Yadda duk wanda ya yi sallama sai kin riga shi shiga falo kina cewa, "Malam, ga Sani babban ɗanka ya zo gaishe ka." Muna yi miki tsiya muna cewa Umma ta zama sanƙira.

Yadda in na kira ku ta bidiyo kike zama daf da shi, in na yi masa tambaya ke ce mai amsawa, shi sai murmushi. Yadda kika sa aka sayar da motarsa kika ce hawanta yana tayar miki da ciwon baya. Yadda kika daina zuwa biki da suna, har dangi suka fara magana. Da na yi ɓari shekara biyu da suka wuce na roƙe ki ki zo ko na wata ɗaya ne, kika ce ke ba kya iya doguwar tafiya a jirgi. Na ji zafin wannan sosai, kin kuma san na ji, amma ba ki ƙara min ko kalma ba.

Na kira ƙanwarki, Inna Asabe. Ban gama tambayar ba ta fashe da kuka. Ta ce tun kafin ya yi ritaya abin ya fara, ranar da ya fita masallacin unguwa ya kasa gane hanyar gida. Ta ce kin sa ta yi alkawarin ba za ta gaya mana ba. Wai kin ce, "Malam da kaifin ƙwaƙwalwarsa aka san shi. Ba zan bari 'ya'yansa su yi masa kallon tausayi ba muddin ina numfashi."

Ta ce ke kike aske masa gemu, ke kike jera masa kaya bisa tsarin da zai sa su, ke kike tsayawa a bayan ƙofa kina ƙirga masa raka'a. Duk wannan da hawan jininki, wanda kike ce mana ya sauka. Har ranar da kika faɗi a tsakar gida babu wanda ya san nauyin da ke kanki.

Ban san ko fushi nake da ke ba, Umma. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in ji kamar in yi ihu: mu huɗu kika haifa, ko ɗaya ba ki ga wanda zai kama miki ba? Wani lokaci kuma in tuna shi a matattakalar nan yana lissafa ƙasashe, kansa a sama, jikarsa tana kallonsa da sha'awa, sai in gane abin da kike karewa. Har yanzu ban gama yarda cewa gidan da na girma a ciki haka yake ba, kuma ina kiran waya kowane mako ban gani ba.

Na gaya wa Yaya Sani komai a waya. Yanzu kullum sai ya kira. Likitar ta ce Baba zai fi samun natsuwa a inda ya saba, cikin ɗakinsa da masallacinsa da muryoyin maƙwabta. Gaskiyarta. A nan ko ƙarar tsawar la'asar firgita shi take, kuma sau biyu muna samunsa a bakin lif da takalmi a hannu.

Don haka na je na ga malamar da ke duba bincikena a jami'a, na nemi a dakatar min da karatu. Ta ce in yi tunani, saura kaɗan in gama. Na ce na yi. In Ummi ta samu hutun makaranta za mu taho Kano da shi, ni da ita, Nuhu zai biyo mu in ya samu sarari. Mun zauna mu huɗun ta waya mun raba kwanaki. Ba za a sake barin mutum ɗaya da wannan aikin ba.

Abu ɗaya ne ban san yadda kika so a yi da shi ba. Yana tambayarki. Ran farko na gaya masa gaskiya, na ce Umma ta rasu, Baba, an fi shekara. Ya dafe kai ya yi salati, ya yi kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa yanzun nan, ya ce me ya sa ba a gaya masa ba ya yi miki salla. Washegari ya sake tambaya.

Yanzu in ya ce ina Rabi, sai in ce kin riga mu tafiya gida, kina can kina jiranmu. Sai ya gyaɗa kai ya ce to, kada mu daɗe. Ban yi masa ƙarya ba, Umma.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya sa duk daren da kika raya a kansa, da duk maganar da kika haɗiye, su zama nauyi a mizaninki. Allah ya sassauta wa Baba, ya bar masa kalmar shahada a bakinsa ko da komai ya tafi. Mu kuma Allah ya ba mu ko rabin haƙurinki, ya haɗa mu da ku a Aljanna Firdausi, inda kowa zai gane nasa.

Taki har kullum,
Auta