'Yata Ta Yanka Mana Tikitin Kenya, Ni Kuwa Ba Ni da Takardar Dawowa

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu. Ina gaishe ku da kyau. A ɓoye sunana. Ban yi lakol ba, wato boko, da murya na turo saƙon nan, na roƙi mai shafi ya rubuta shi yadda na faɗa, kada ya gyara mini hali. Mai niyyar zagina ya bari sai ya kai ƙarshe. Ni ma na zagi kaina, bai yi magani ba.

Ni mutumin ƙasar Damagaram ne, na haura hamsin. Ta Agadas na fito, na bi Libiya, na hau ruwa. Abin da na gani a hanya ba shi na zo faɗa ba. Ina zaune a Minguettes, gefen Lyon a ƙasar Faransa, mu uku a ɗaki ɗaya. Ina aiki a Saint-Fons, wankin manyan tankunan da ake zuba sinadari. Ga abin da iyalina ba su sani ba: ba ni da takardar zama a ƙasar nan. Na nema sau ɗaya, aka hana ni, aka ce in bar ƙasar. Ban bari ba. Aikin da nake yi, da katin zama na wani ɗan uwana nake yinsa, mu ce sunansa Isuhu, yana da shagon waya a Barbès, can Paris. Mun ɗan yi kama, masu ɗaukar aikin kuma ba sa dogon kallo. A wurin aiki Isuhu ake kirana, ina amsawa.

Ƙaryar ta fara ne tun farkon zuwana. Mahaifiyata tana kuka a waya, ta ji an ce ana kama marasa takarda ana ɗaurewa. Na ce mata, "Inna, ki kwantar da hankali, na samu takarda." Shi ke nan abin da na faɗa. Washegari ta dama fura ta yi sadaka, unguwa duka ta ji. Ta ina zan janye? Daga nan duk wanda ya tambaya sai in ce alhamdu lillahi. Mahaifina ya rasu, ban je ba, na ce shef, shugabanmu a wurin aiki, ya hana ni hutu. Inna ta kwanta ciwo, ban je ba. Ta rasu, ban je ba. To mutum mai takarda me zai hana shi zuwa ta'aziyyar uwarsa? Sai dangina suka nemo dalili da kansu. Suka ce matata ce ta kore ni da halinta. Wasu suka ce na auri Baturiya. Matata ta ji duka, a gidan biki da gidan suna, ba ta taɓa tambayata ba. Ni kuma na san abin da ake faɗa mata, na yi shiru. Na bar ta ta ɗauki laifin da ba nata ba, don ya fi mini sauƙi a ce ni mugu ne da a ce na kasa. Wannan shi ne zunubina, ba sai wani ya gaya mini ba.

Muna da 'ya ɗaya, mu ce Nana. Na baro ta tana ƙarama. Ta yi karatu, kanta yana ja, ta samu gurbi a jami'a nan Lyon ta zo da bizarta, ta ƙofa, ba irin tawa shigowar ba. Ranar da na tare ta a tashar jirgin ƙasa ban gane ta ba sai da ta ce "Baba." Ta gama, ta samu aiki, tana da gidanta a cikin gari. Duk Lahadi takan zo mini da abinci. Wata rana mun haɗu da wani abokin aikina a kasuwa ya ce, "Salut Isuhu!" Ta dube ni. Na ce sunan wasa ne. Ta yi dariya, ta yarda. Me zai sa ba za ta yarda ba? Ubanta ne ya faɗa.

Watannin baya ta zo da kwamfutarta ta buɗe a kan katifata. Ta ce, "Baba, zauna ka ga abin da na shirya mana." Sai ga hotunan giwaye da zakuna da jakunan dawa. Wai safari. Kenya da Tanzaniya, a shiga daji da mota a kalli namun dawa, a kwana a tanti. Na ce, "Ke, ni da na kwana a hamada ba da son raina ba, yanzu kuma sai in biya kuɗi in kwana a tanti? In raƙumin dawa kike so, ga su nan a Kure, hanyar Yamai, kyauta suke tsallaka titi." Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce, "Attends, ban gama ba." Ta nuna mini hanyar da yatsa. Daga Lyon jirgin ƙasa zuwa Paris. Daga Paris jirgin sama zuwa Nairobi. Daga can mota ta tsallaka da mu Tanzaniya. In mun gama, jirgi zuwa Addis Ababa, a canja wani zuwa Yamai, daga Yamai mu hau bas har gida. Ta ce, "Ka tsallaka Afirka a bayan mota kamar buhun gero. Ina so ka gan ta kana zaune a kujera ana kawo maka shayi. Kuma na san in na ce maka gida kai tsaye, za ka ce aiki. Shi ya sa na sa giwaye a gaba. Mama tana ƙarshen hanya."

Wallahi a wannan lokacin ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya yi miki albarka."

Daga nan aka shiga zancen takardu. Ta bi ta wata ajans ta tafiye-tafiye, matar da ke wurin ta lissafa mata abin da ake so. Ta ce Kenya da sauƙi, amma Tanzaniya mai fasfon Nijar ba ya samun biza a bakin iyaka, sai an nema tun da wuri an jira amsa. Ana son katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ana son hoton fasfo. Sannan ana son hoton takardar zama, gaba da baya, domin ranar dawowa ba za a bar mutum ya hau jirgin Faransa ba sai ya nuna ta. Nan ne ƙasa ta tsage. Fita ba wuya, ba wanda zai riƙe ni. Dawowar ce babu. Fasfo ina da shi, lafiyarsa lau, yana ƙasan jakata. Amma in na miƙa shi, abu na gaba da za ta ce shi ne, "Kawo ɗayan." Sai na ce fasfon ya ƙare, na kai ambasad, ofishin jakadancinmu a Paris, a sabunta, kuma sun riƙe har da takardar zaman. Ta ce, "Har da ita? C'est bizarre." Na ce haka suke yi yanzu. Tun daga ranar take zagin mutanen ambasad, bayin Allah ba su san ma ina duniya ba. Allurar shawara kuwa na je an yi mini, ita ta raka ni. Hannuna ya kwana biyu yana ciwo saboda tafiyar da na san ba zan yi ba. Wane irin uba ne wannan?

Da matsi ya yi yawa sai na ce zan je Paris in bi sawu. Na hau bas, na sauka, na nufi Barbès wurin Isuhu. Na same shi a shago, jirgin metro yana wucewa ta samanmu, shi kuma yana liƙa wa wata mata gilashi a waya. Ya gan ni ya ce, "A'a, ga ni nan na iso daga Lyon! Isuhu, ya gajiyar aikina?" Haka yake mini kullum. Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Na gaya masa komai. Na ce an ce mini in wanda ya ba ni kati ya yarda, shef ma ya yarda ya sa hannu cewa ni ne na yi aikin shekarun nan, ana iya sake kai maganata prefektir, ofishin da ke ba da takardar zama. Ya ajiye wayar. Ya ce, "Wato in je in ce wa hukuma na ba da aron katina? Kana so a karɓe nawa ma, mu zama biyu? Ina da yara huɗu a lakol, ɗan uwa." Na ce na sani. Ya ce, "To ɗauki fasfona ka tafi da shi, ai mun yi kama." Na ce, "A filin jirgi ba shef ne ke dubawa ba, na'ura ce, yatsa take karantawa. Kuma Nana tana gefena za a kira ni da sunanka." Sai ya ce, "Ka gaya wa yarinyar nan. 'Yarka ce, ba ɗan sanda ba." Na ce ɗan sanda ya fi mini sauƙi. Ya zuba mini shayi, na sha, na koma Lyon. Na ce wa Nana sun ce in dawo wani sati.

Ba na jin haushin Isuhu. Ya rufa mini asiri lokacin da ba wanda ya san ni.

Yanzu ga inda nake. In na hau jirgin nan, na tafi ke nan. Zan ga matata, zan tsaya a kan kabarin iyayena, wallahi ina so, kullum ina so. Amma Nana za ta dawo ita kaɗai, a filin jirgin Yamai za ta gane ubanta maƙaryaci ne, a gaban mutane. Ni kuma in zauna a gida da ƙirjin da sinadari ya cinye, ba sana'a, duk aikin da na yi an rubuta shi da sunan wani. In kuma na ƙi tafiya ba dalili, na tabbatar wa kowa abin da ake faɗa, cewa ina da hanya na ƙi matata. In na faɗi gaskiya fa? Yarinyar nan ta taso tana jin ana ce wa uwarta "wadda miji ya gudu ya bari." Ta taɓa gaya mini ta yi dambe a lakol a kan wannan maganar. Da wane baki zan ce mata kalma ɗaya daga gare ni da ta kashe zancen tun tuni, ni ne na riƙe ta? Na ga ruwa ya ci mutane a gabana ban yi kuka ba. Idon yarinyar nan nake tsoro.

Lahadin da ta wuce ta zo, ta kira uwarta ta bidiyo, ta juyo mini da wayar. Ashe ta riga ta gaya mata. Matata ta sa an yi wa ɗaki sabon shafe, ta zagaya da wayar tana nuna mini bango. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, in ba gaskiya ba ne ka gaya mini yanzu, kafin in faɗa wa mutane. Na gaji da ba da amsa." Nana tana tsaye a kaina tana murmushi. Na ce, "Gaskiya ne." Ta ce, "To Allah ya kawo ku lafiya." Kafin la'asar 'yan uwana sun fara kirana suna barka.

Matar ajans ta ce in ba a tura takarduna cikin satin nan ba, bizar Tanzaniya ba za ta fito kafin ranar tashi ba. Jiya Nana ta kira ni. Ta ce, "Baba, ça suffit, ya isa haka. Kai kana da kunya, shi ya sa suke juya ka. Na ɗauki hutu ranar Alhamis, na yanka mana tikitin jirgin ƙasa, tare za mu je Paris. Ni zan shiga ambasad ɗin nan da kaina, ba zan fito ba sai da fasfonka a hannuna."

Na ce to.

Jama'a, ba wa'azi nake nema ba, na san hukuncin ƙarya. Wanda ya san dokar ƙasar nan ya gaya mini ko akwai ƙofar da ban gani ba. Wadda ta taɓa zama 'ya ga uba irina ta gaya mini ko ana yafe wannan. In faɗa wa Nana kafin mu hau jirgin ƙasa, ko in fara kiran uwarta, tunda ita na fi zalunta? Yau Talata. Me zan yi?