Wayoyi Masu Ruwan Goro

Modena, 5 ga Oktoba

Assunta tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Kina shafa maganin kuwa, ko kin sake tura shi bayan kwalbar man zaitun? Ki gaishe min da 'yarmu Marilena da mijinta.

Kin ce in riƙa rubuto miki da hannu, tunda a waya ba abin da na iya sai mita. To ga mitar a takarda.

Mu goma sha biyu ne a makarantar kamfanin ƙera motocin, kowa daga garejin dillalinsa, kuma ni kaɗai ne mai furfura. Abokin ɗakina, Saverio, mutumin Napoli, tun ranar farko ya laƙaba min Kaka, alhali shi ma sanƙo ya cinye masa rabin kai. Wurin aikin kuwa tsaf, kamar ɗakin tiyata. Malamarmu, Injiniya Cavazzuti, 'yar gajeriya ce, amma in ta yi magana ba mai tari. Ta kalli hannuwana ta ce, "Sinyor Oronzo, shekara nawa suna aikin nan?" Na ce talatin da ɗaya. Ta ce, "Madalla. Sa su a aljihu sai na ce ka fitar." Hannuwana fa, Assunta!

Akwai abin da ban gaya miki duka ba. Kafin in baro Lecce, maigidanmu Sinyor Quarta ya kira ni ofis. Sababbin motocin tseren nan duk da ƙaton batir suke zuwa a gefen inji, kuma kamfani ya ce bakaniken da ba shi da takardar shaidar wannan horo ba zai ƙara buɗe ko ɗaya ba. In na faɗi, juyen mai da canjin taya zan koma yi a bayan gareji har in yi ritaya. Ni da ake kawo wa mota tun daga Taranto don kawai in saurari injinta.

Motar da muke koyo da ita dai, ba ƙarya, ta haɗu. In aka tayar da ita har a ƙirjinka kake jin amon. Amma cikinta cike yake da wayoyi masu ruwan goro, masu kaurin babban yatsa, kuma wutar da ke cikinsu ta isa ta kashe mutum kafin ya ce wayyo.

Abincinsu kuma, taliya a cikin romo, sai ka ce na majinyata. Ina kewar girkinki, ina kewarki.

Mijinki,
Oronzo

Modena, 12 ga Oktoba

Assunta,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin nan bai tayar miki da ƙafar ba. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na faɗi gwajin farko.

Ga yadda suke yi: su ɓata wani abu a motar da gangan, su ce ka nemo. Amma kafin ka taɓa ta, sai ka yanke wutar batir, ka sa kwaɗo a makunnin, ka jefa makullin a aljihunka, ka jira minti goma cur, ka auna wutar da mita. Wani kuma yana tsaye a bayanka riƙe da doguwar sanda mai ƙugiya, don ya fizge ka idan wuta ta ja ka. Ni da ko yaron riƙe fitila ban taɓa yarda ya tsaya a kaina ba.

Ana tayar da motar na ji laifin. Famfon ruwan sanyaya batir ne ba ya juyawa, minti huɗu ban yi ba. Daɗi ya kama ni, hannuna ya tafi da kansa yadda ya saba. Ban yanke komai ba, ban sa kwaɗo ba. Sai kawai na ji ƙugiya a ƙuguna, Saverio ya fizgo ni na faɗi zaune daɓas. Aka fashe da dariya. Injiniya ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Ka gano laifin, ka kuma mutu. Wanne zan rubuta wa matarka?"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na haɗa jakata zan taho. Saverio ya zauna a kanta ya ce, "Kaka, in ka tafi wa zai riƙa yi min minshari? Zauna, dalla." Na zage shi, ya rama, na zauna.

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Hannun nan shi ya ciyar da mu, shi ya aurar da Marilena, yau kuma an ce shi ne abokin gabata. Saura dama ɗaya, ranar Juma'a. Kullum ina maimaita matakan da baki kamar ɗan firamare. In kin je coci ki kunna min kyandir.

Naki,
Oronzo

Modena, 17 ga Oktoba

Assunta tawa, hasken gidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na kuma ji faɗan. Na cancanta.

Jiya aka yi. Minti arba'in da biyar aka ba ni. Na yanke wuta, na sa kwaɗo, makulli a aljihu, na jira goman nan. Saura in sa safar hannu ta roba in auna in tabbatar wutar ta sauka. Ita ma safar tana da ƙa'ida: ka naɗe bakinta ta kumbura da iska, ka kara ta a kunci ka ji ko tana yoyo. Ta dama lafiya lau. Ta hagu kuwa, sai na ji wata 'yar iska tana hura min kunci. Hudar ko gani ba a yi.

Na ce, "Injiniya, a ba ni wata." Ta ce mai sito ya fita, babu wata, agogo kuma ba ya jira. Ta koma kan takardarta.

Assunta, ga laifin ina kallonsa da idona! Wani soket na waya ne ya zame, aikin minti ɗaya. Zuciyata tana ce min, kai Oronzo, ka yanke wuta, ka jira, hudar me? Na ajiye safar a tebur, na kai hannuwana baya, na kama na dama da na hagu na riƙe gam. Haka na tsaya rabin awa ina kallon aikina yana tafiya. Saverio yana tsaye a bayana da sandarsa.

Ƙararrawa ta buga. Na juya zan je in cire kayan aiki, sai ta ce, "Ina zuwa?" Ta buɗe tafin hannunta, ga allura. Ita ta huda safar da safe. Soket ɗin tarko ne kawai. Ta ce mutum huɗu sun zura hannu ba su duba ba, biyu sun ji iskar sun yi kamar ba su ji ba. Ta sa hannu a takardata ta ce, "Barka, Maigida. Yanzu zan iya barin ka kai kaɗai da motata."

Saverio ya rungume ni har da sandar. Ni kuwa na shige banɗaki na yi kukana, kada ki gaya wa Marilena.

Ki sanar da Sinyor Quarta ya nemi wani mai juyen man. Ina tafe ranar Lahadin makon gobe a jirgin ƙasa na yamma.

Shekara talatin da ɗaya kina tsayuwa a baranda in na dawo daga aiki, kina ƙare min kallo tun daga kai har ƙafa, ni kuma ina ce miki me kike kallo. A rabin awar nan na gane me kike dubawa. Ki fito barandar ranar Lahadi, ki ƙirga yatsun hannuwana. Duk suna nan, goma cif.

Mijinki har kullum,
Oronzo