Takarda Huɗu da Fuskar Inna

Litinin, 12 ga Agusta 2024

Kawu Moctar ya zo daga Arlit. A wayarsa akwai hoton Inna, ranar sunan ƙanwata Hafiza, tana dariya da kallabi kore. Shekara biyu ban ga fuskarta ba. Baba ya goge duk hotunanta bayan sadakar arba'in. Shi da ke buga wa duk garinmu Tchaké hoton katin ɗan ƙasa a zaurenmu, na matarsa ko ɗaya bai bari ba.

Kawu zai koma Asabar da wayarsa. Ya ba ni takardar hoto huɗu masu kauri da ya sayo a Tessaoua. "Ki buga abinki, Sakina." Na karɓa, na ɗaga masa kai.

Talata, 13 ga Agusta

Baba na gona, na ari wayar Kawu, na shiga zaure na kunna injin buga hoto. Na sha ganin yadda yake yi. Takarda ta fito a jiƙe. Na ɗauka da ɗoki, babban yatsana ya share mata ido ɗaya da rabin baki. Tawadar har yanzu tana farcena.

Saura uku.

Laraba, 14 ga Agusta

Kaka Lalla ta kama ni ina hura wa ta biyu iska. "Ke 'yar lakwal, mi aka koya maki a makarantar? Malamman da in sun yi rubutu rairayi suke barbaɗawa, tawada ta kama." Ta tankaɗo min da rariya da kanta. Na barbaɗa. Rairayin ya manne, na kaɗe, ya tafi da kumatun Inna. Kaka ta ce wai takardar yanzu ce ba ta da albarka, ta yi tafiyarta.

Ban ci tuwo ba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ta uku na shanya a rana kan faifai, ban taɓa ba. Har la'asar tawadar na zaune a kai kamar mai a kan ruwa, koren kallabin ya gangaro mata wuya. Hafiza ta leƙa ta ce, "Wace ce wannan?" Na kusa marinta. Ba laifinta ba ne, wata goma gare ta lokacin da Inna ta rasu.

Da Baba mutum ne mai magana da na tambaye shi. Ba zan tambaya ba. Wanda ya goge da hannunsa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Na manta ba a zuwa gona Juma'a. Ina riƙe da ta ƙarshe, na kasa sa ta a injin, sai ga Baba a ƙofa. Na yi zaton zai yi faɗa. Ya dubi lalatattun ukun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe kan mai rairayin.

"A bayan takardar kike bugawa," ya ce. Ya jiƙa yatsa ya taɓa gefen takardar, ɓangare ɗaya ya ɗan manne. "Wannan ne ke shan tawada. Kife shi ƙasa." Ya karɓi wayar Kawu, ya sauya zaɓin takarda daga papier ordinaire, ta rubutu, zuwa papier photo, ta hoto, bai kalli hoton ba sam.

Ta fito a hankali, kallabi tukuna, sannan goshi. Na kai hannu, ya riƙe min shi. "Bar ta ta huta." Mun tsaya a haka har aka kira salla, ya fita ya bar hularsa.

Asabar, 17 ga Agusta

Kawu ya tafi. Hoton ya bushe sarai, har ɗan gibin haƙorinta ya fito. Na ɗaga Hafiza ta gani, na ce mata Inna ce.

Da na yi niyyar ɓoye shi ƙasan akwatina inda Baba ba zai taɓa gani ba. Amma ɗakinmu na yoyo, damina ce. Na jingine shi a zaure, bisa kantar Baba kusa da injin. Don can ya fi bushewa ne kawai.

Ɗazu na ga an goge ƙurar wurin, an sa masa gilashi. Ban tambaya ba. Na dai kai wa Baba fura, na ƙara nono.